Kolestarol ya hau kuma kai matashi ne mai buga balo, ga yadda zaka yi

Samarinmu da yawa a nan Damagaram sun ɗauka kolestarol, wato wani irin kitse da ke cikin jini, ciwon alhazai masu tumbi ne, wallahi ba haka bane. Zaka ga yaro ɗan shekara 25 siriri, kullum da la'asar yana fili wajen balo ko kokowa, amma in aka auna jininsa sai a tarar kitsen ya wuce iyaka. Dalili kuwa hanta ce ke ƙera mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikinka, na abinci ƙari ne, kuma akwai na gado, kusan mutum 1 cikin 250 da shi ake haihuwarsu. Babu ciwon kai babu zazzaɓi, a hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin jini kamar yadda maiƙo ke toshe tiyo, sai dai wata rana aji ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Fara da awo. Kaje lopital ko wani labo likita ya rubuta maka analiz na kitsen jini, yawanci zasu ce kazo da safe baka ci komai ba tsawon awa 12, ruwa kawai. Takardar mu nan da g/L take fitowa, wato giram nawa a cikin lita ɗaya ta jini. Jimillar kolestarol ana son ta zauna ƙasa da 2, triglisarid (wani kitsen jinin ne daban) ƙasa da 1,5, HDL wato mai kyaun ana son ya wuce 0,4 ga namiji, 0,5 ga mace. Amma inda zaka fi zuba ido shine LDL, shi ne mai toshewar. In ya kai 1,6 ya hau, in kuwa ya kai 1,9 ga matashi to likita zai fara zargin na gado ne.

Shi yasa nake cewa ka zauna da Baba da Inna ka tambaye su, a dangi akwai wanda zuciyarsa ta buga ko ya faɗi ya shanye tun bai kai 55 ba? Ka duba fatar idonka ko akwai wani tabo rawaya-rawaya, ka shafa agararka ta bayan dunduniya ko akwai ƙulli mai tauri. In an tabbatar na gado ne to ƙannenka da yayyenka ma suje a auna su, kowanne yana iya gadonsa. Kuma a haɗa da awon sukari da tansiyo da maƙoƙo, don ciwon maƙoƙo da na ƙoda suna iya ɗaga shi.

Yanzu maganar abinci, nan ne muke cutar kanmu. An tashi daga balo an gaji sai a zarce teburin mai shayi, burodi an lafta masa bota da mayonez, ƙwai an soya yana iyo cikin mai, shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, da dare kuma a tsaya wajen mai nama ace malam ƙaro min kitse, mutum yana ganin ai gumin da yayi ya ƙone komai. Motsa jiki yana sauke triglisarid yana ɗan ɗaga HDL amma LDL kaɗan yake taɓawa. Abin da ke ɗaga LDL shine kitsen dabba, man shanu, manja, kayan ciki, fatar kaza, da man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya koma baƙi. Bance ka bar nama ba, ka zaɓi tsoka zalla, tsire ko balangu kace a yanke kitsen, kifi ya riƙa shigowa, a girki kuma man gyaɗa yafi man shanu amma shima a auna da cokali ba a tuttula ba. Kuma Allah ya bamu arziki a Kasuwar Dole da bamu kula da shi, wake, gero, dawa, kuɓewa, kuka, zogale, rama. Ita kuɓewa da wake suna da wani zare da ke riƙe kolestarol a hanji ya fita da shi. Fura dai ka sha abinka, sukarin da man shanun zaka rage. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya ta isa.

Taba da shisha a ajiye, suna sauke HDL suna lalata jijiya. Sport ka cigaba, aƙalla minti 150 a sati inji hukumar lafiya ta duniya.

Bayan wata 3 ka sake awo. In bai sauka ba ko kuma na gado ne, likita zai iya ɗora ka kan magani irin su atorvastatin ko simvastatin, don Allah kar kaji kunya kace ni yaro da ni zan riƙa shan ƙwaya kullum, na gado abinci kaɗai baya sauke shi. Ka saya a farmasi da ordonans, banda na masu yawo da magani a tire cikin rana. In kaji ciwon tsoka wanda ba irin na gajiyar fili ba, ko fitsarinka yayi duhu, koma wajen likita da wuri, kuma kada ka daina sha don kaga lamba ta sauka, in ka bari zata sake hawa. 'Yan uwa mata masu ciki ko masu neman ciki ko shayarwa ku gaya wa likita tun kafin ya rubuta, yawanci ba a basu wannan maganin.