Kurakuran masu ba da shawara kan tafiyar da intanet a Abuja

Abin da ya fi cin sababbin shiga sana'ar ba da shawara kan dokoki da ƙa'idojin tafiyar da intanet shi ne ɗaukar halartar taro a matsayin aiki. Abuja ba ta rabo da taro: yau bita a wani otal a Wuse, gobe zaman masu ruwa da tsaki a Maitama, ga kuɗin mota, ga jaka mai tambari. Sai mutum ya shekara biyu yana rataya katin suna a wuya, amma ba shi da shafi ɗaya da za a ce shi ya rubuta. Mai neman ɗaukarka aiki kuwa, ƙungiyar waje ce ko kamfanin sadarwa, maganarsa ta farko ita ce, "Turo mana abin da ka taɓa rubutawa." Gyaran bai buƙatar kuɗi. Hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, kan fitar da daftarin ƙa'ida ta nemi ra'ayin jama'a, Majalisar Tarayya ma kan yi zaman jin bahasi kan ƙudurori. Karanta daftarin, ka rubuta shafi uku, ka nuna sashe kaza zai cuci wane, ga abin da ya kamata a sa a madadinsa, ka miƙa da sunanka.

Sai rashin sanin wa ke riƙe da me. Za ka ga mutum ya karɓi makirufo yana neman ƙungiyar ICANN ta duniya ta goge kalaman ɓatanci a Facebook, alhali ita, tun kafa ta a 1998, sunaye da lambobin intanet take daidaitawa, ba ruwanta da abin da mutane ke rubutawa. Lambobin adireshin intanet na nahiyar Afirka ƙungiyar AFRINIC ce ke rabawa daga ƙasar Morishus. Sunaye masu ƙarewa da .ng suna hannun NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya. Lasisin kamfanonin waya na NCC ne a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. Shi kuma taron IGF na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fara a Atina ta ƙasar Girka a 2006, dandalin tattaunawa ne, ba ya yanke hukuncin da ya hau kan kowa. Wanda ya kai ƙorafin mai aikinsa ƙofar da ba ita ba, da wuya a sake kiransa.

Haka kuma kafa hujja da tsohuwar doka. Har yanzu akwai masu rubuta rahoto kan kare bayanan mutane su tsaya a ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar zamani NITDA ta fitar a 2019, kamar ba a yi dokar 2023 da ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC ba. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma an yi mata gyara a 2024, har da sashe na 24 da aka sha kama 'yan jarida da shi. Nemi sabon kwafi kafin ka ambaci sashe.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne kwaso rahoton Turai a sauya masa sunan ƙasa. Masu ba da kwangila sun riga ka karanta waɗannan. Abin da ba su da shi, kai kake da shi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Yaya mai POS ya yi? Ɗan kasuwar da sai ya tsallaka wata jiha kafin ya kira abokin cinikinsa, nawa ya yi asara? An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kotun ECOWAS da ke nan Abuja ta ce matakin ya saɓa doka. Mai jin Hausa da zai iya zama da mutanen Gusau ya rubuto abin da suka gani yana da hajar da ba a samu a ofisoshin ƙungiyoyin duniya na Janiba.

Batun kuɗi kuma, a nan ake jin jiki. "Malam, fara kawai, ai mu da kai ba ma haka." Kada ka fara. A rubuta abin da za ka miƙa, ranar miƙawa, sau nawa za a dawo maka da gyara, da kason da za a ba ka kafin alƙalami. A fayyace da naira ne ko da dala; waɗanda suka yi jinga mai tsawo da naira kafin a saki farashin canji a Yunin 2023 sun san abin da nake nufi. Yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka mallaki lambar haraji, in an cire maka haraji daga kuɗin aiki ka karɓi shaidarsa.

In kana yi wa kamfanin sadarwa aiki, sai wata ƙungiyar kare haƙƙi ta nemi ka rubuta mata matsaya kan ƙa'idar da ta shafi wannan kamfanin, gaya wa kowane ɓangare tun ranar farko, a rubuce. Masu wannan harka a Abuja ba su da yawa, kuma duk a ɗakin taro ɗaya suke shan shayi.