Kurakuran da ke sa sikirif ya kulle ka a wajen suwic ɗinka

Duk wanda ya gaji da shiga suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a netwok) hamsin ɗaya bayan ɗaya, ƙarshensa sai ya zauna ya rubuta sikirif, wato ƙaramar manhaja mai tura umarni a madadinsa, da kayan aiki irin su Expect ko Netmiko na yaren Python. Matsalar ita ce sikirif ba shi da ido. In ya yi kuskure, sau hamsin zai yi shi.

Wanda na fi gani shi ne rashin iya jira. Mutum ya tura umarni, ya sa sleep (dakatawa) na daƙiƙa biyu, ya tura na gaba. Ranar da layi ya yi nauyi, sai kalmar sirri ta faɗa inda ake tambayar suna, komai ya cakuɗe. Ka sa sikirif ya jira abin da suwic ɗin ya nuna da kansa: a Cisco IOS, manhajar suwic ɗin Cisco, alamar > kafin enable (umarnin samun cikakken iko), alamar # bayansa. Haka in ya maƙale a kan --More-- yana jiran a danna maɓalli, maganinsa terminal length 0 tun daga shiga. Netmiko na yin wannan da kansa, mai Expect kuwa dole ya rubuta.

Amma wanda ya fi ciwo yana kan tashar suwic (ramin kebul) da ke ɗauke da VLAN da yawa, wato rukunonin da aka raba netwok zuwa gare su. Umarnin switchport trunk allowed vlan 30 ba ƙari yake yi ba, goge jerin yake ya bar 30 kaɗai. Kalmar add ce ake sawa kafin lambar. Ni kaina na taɓa manta ta da tsakar dare. VLAN ɗin da nake shigowa ta kansa ya tafi, allon ya yi tsit, sai da na tuƙa mota da kebul ɗin konsol, na haɗawa da suwic kai tsaye, a aljihu. Tun daga ranar ba na taɓa irin wannan tashar sai na fara da reload in 10. In na kulle kaina, bayan minti 10 suwic zai sake tashi da tsohon saiti, muddin ban adana sabon ba. In komai lafiya, sai reload cancel, sannan copy running-config startup-config. Kada ka manta da na ƙarshen nan, in ba haka ba wuta na ɗaukewa aikin ya bi iska.

Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, kuwa a bar shi haka nan. Ta tasha 23 kalmar sirrinka ke tafiya tsirara, kuma Python 3.13 ma ya cire telnetlib, kayan aikinsa na Telnet. SSH ke nan, mai ɓoye abin da kake turawa, tasha 22. Kalmar sirrin kada ta kwana cikin fayil ɗin da wata rana zai hau GitHub, shafin ajiye manhajoji a intanet. Getpass na Python ya tambaye ka ita duk lokacin da za ka kunna.

Kafin ka saki sikirif ɗin a kan hamsin ɗin, ka gwada a kan suwic ɗaya da ke kusa da kujerarka, ka kuma ajiye kwafin show running-config, wato saitin da ke aiki, na kowanne, da sunansa da kwanan wata.