Yadda Ake Zaɓen Faifan Waƙa Ta Hanyar Duba Bangonsa

Wanda ya dace da tulin tsofaffin faya-fayan garmaho ko kaset-kaset na waƙa, ko a wata rumfa cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ne ko a wajen masu kayan gwanjo a Kasuwar Barci, duk a Kaduna, sau da yawa ba ya samun damar sauraren abin da ke ciki kafin ya biya kuɗi. Wani lokaci babu wutar lantarki, wani lokaci kuma mai kayan ba shi da na'urar da za a gwada. Abin da ya rage wa mai saye shi ne bangon, kuma bangon yana da bayani mai yawa ga wanda ya san inda zai duba.

Da farko a kalli hoton gaba, amma kada kyan launi ya ɗauke hankali. Abin nema a hoton shi ne kayan kiɗa da shigar mutanen da ke jikinsa, domin su ne suke faɗin irin sautin da za a tarar. Idan aka ga mawaƙi da kuntigi a hannu, kamar yadda aka san marigayi Ɗan Maraya Jos, to a sa ran murya ɗaya da tsirkiya ɗaya, babu hayaniya. Jerin makaɗa rataye da kalangu yana nuna waƙa mai 'yan amshi, irin wadda za ta iya cinye gefe guda na kaset ba ta ƙare ba, kotso da taushi kuwa sun fi karkata ga waƙar fada. Inda aka ga jita da kakaki irin na Turawa da mutane cikin kwat, an fita daga kiɗan gargajiyar Hausa, an shiga fagen makaɗan kudu ko na ƙetare.

Wannan ɗabi'a ta yi wa faifai zane ba ta daɗe sosai ba. A da cikin takarda marar ado ake sayar da shi, sai wajen 1940 wani mai zane a kamfanin Columbia na Amurka, Alex Steinweiss, ya fara ƙawata bangon da hoto. Da kamfanin ya fito da babban faifai mai faɗin inci 12 a 1948, masu zane suka sami fili wadatacce. A Najeriya wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Lemi Ghariokwu, wanda ya fara zana wa Fela Kuti bango a 1974, ya kuma yi masa guda 26. Zanensa cike yake da mutane da rubuce-rubuce da habaici ga masu mulki, har mutum yakan fahimci jigon waƙar tun bai ɗora allura ba. A ganina irin wannan bangon, wanda mai zane ya saurari waƙar kafin ya ɗauki alƙalami, shi ya fi cancanta a yi kasadar kuɗi a kansa, domin wanda ya kashe kuɗi a kan zane irin wannan da wuya ya yi sakaci da abin da ke ciki.

Bayan haka a juya bayansa, nan ne aikin yake. A nemi tambarin kamfanin da ya buga shi. Sunaye irin su EMI da Decca da Afrodisia da Tabansi sun buga faya-fayai masu yawa a ƙasar nan, kuma wanda ya taɓa jin daɗin faifai ɗaya daga wani kamfani yana da dalilin gwada na biyu. A duba shekara: harafin P a cikin da'ira yana nuna shekarar da aka fara fitar da sautin, harafin C a cikin da'ira kuwa galibi ya shafi zane da rubutun bangon, saboda haka idan shekarun biyu suka yi nisa da juna, alama ce ta cewa sabon bugu ne na tsohuwar waƙa. A ƙirga waƙoƙin da ke kowane gefe. Babban faifai yakan ɗauki kimanin minti 20 a gefe ɗaya, don haka waƙa ɗaya ko biyu a gefe tana nufin doguwar waƙa ce, wadda ba kowa ke da haƙurin saurarenta ba.

Sai a tabbata abin da ke ciki shi ne na bangon. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a kayan gwanjo, domin faya-fayan da suka shekara talatin ko arba'in a gida ɗaya sukan cuɗanya, a mayar da na wannan cikin kwalin wancan. Akwai lamba a jikin bango, akwai irinta a takardar da ke manne a tsakiyar faifan, kuma dole su zo ɗaya. A nemi izini cikin ladabi, a ce, "Baba, ko za ka ba ni dama in zaro shi in duba?" Idan an zaro, a riƙe shi ta gefe, a karkata shi wajen haske a ga ko ya karce, sannan a dube shi ta tsaye a ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Ƙurar hunturu tana gogewa, amma faifan da rana ta lanƙwasa ya riga ya tafi. Tabon ruwa ko warin rima a jikin kwali yana nuna damina ta same shi a ajiye.

Kaset da faifan CD suna da nasu gwajin, kuma a nan bangon ne yake tona asirin jabu. Hoto mai dishi-dishi, rubutu mai kurakurai, takarda mai bugu a fuska ɗaya kawai, da rashin adireshin kamfani, duk alamun aikin masu satar fasaha ne. Faifan CD na asali cikinsa fari ne kamar azurfa, wanda aka kwafa a kwamfuta kuwa yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Kaset kuma a leƙa a ga ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren yana nan, a sa biro a juya a ji ko yana tafiya ba tare da cijewa ba.

Wajen ciniki, kada a nuna wa mai kaya wanda ido ya fi so. A ware uku ko huɗu a taya su gaba ɗaya, idan ya ce albarka a ƙara kaɗan. Tun da ba a ji sautin ba, ya kamata a tsayar da iyakar kuɗin da za a iya asara tun daga gida, kuma a roƙi mai rumfar ya yarda a dawo da faifan a canja idan aka je aka tarar yana tsallake. Idan an kai shi gida a jera shi a tsaye, nesa da taga, kada a ɗora wani a kan wani.