Yadda ake koya wa yaran firamare gano abin da ba a faɗa musu ba

Akwai yaron da zai karanta maka shafi guda bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, amma ka tambaye shi me ya sa yarinyar cikin labarin ta ɓuya bayan ƙofa sai ya yi ta duba takardar yana neman inda aka rubuta amsar, to ba a rubuta ba ai, shi ake so ya haɗa ya gano. Binciken masana karatun yara Jane Oakhill da Kate Cain a Ingila ya nuna irin yaran nan suna iya furta kalmomi sosai, inda suke maƙalewa shi ne cike giɓin da marubuci ya bari. Ni dai abin da na gani a aji shi ne wannan abu ba ya shiga da bayani kawai, sai yaro ya taɓa da hannunsa.

Fara da kwali a rufe. Ka sa abu ɗaya a ciki, misali makulli ko ƙwallo ko soso, ka liƙe bakin, ka bar shi ya zaga aji. A girgiza, a saurara, a ji nauyi, ban da leƙawa. Duk wanda ya ba da amsa ka bi shi da tambaya ɗaya tak: "Ta ina ka sani?" Wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Wani zai ce ƙwallo ce, ka ce ta ina ka sani, ya ce na ji tana gangarawa daga wannan gefe zuwa wancan kuma ba ta ƙara irin ta ƙarfe. Shi ke nan, ya kawo hujja. Wanda ya ce mage ce saboda yana son mage kuwa, kintace kawai ya yi, kar ka gwale shi, miƙa masa kwalin ka ce sake ji, tana motsi da kanta?

Daga nan ka raba allo gida uku: Na gani, Na riga na sani, Don haka. A nan za ka ɗan daɗe fa, don yara suna cakuɗa gidan farko da na ƙarshe sosai. Ka ajiye takalmi mai laka a kan tebur ka ce me kuka gani, nan take wani zai ce mai shi ya bi ta cikin ruwa. Ka ce masa ka ga lokacin da ya bi? Zai ce a'a. To abin da idonka ya gani laka ce da danshi, abin da ka riga ka sani shi ne ƙasa ba ta zama laka sai ta sha ruwa, don haka mai takalmin ya taka wuri mai ruwa. Ka maimaita da fensir da aka tauna wa gindi, da kofi mai tsagewa, har su fara gyara wa junansu ba sai ka sa baki ba.

Sai jakar baƙo, wadda yara suka fi so. Ka zuba kaya biyar ko shida a jaka: jan biro, tabarau, guntun alli, tikitin mota, ƙaramar safar jariri. Ka raba su rukuni na mutum huɗu, su fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, duk abin da ya fito su faɗi me ya ƙara musu game da mai jakar. Da alli da jan biro za su ce malami ne, safar tana fitowa sai ka ji an fara gardama, wasu su ce malama ce mai goyo wasu su ce ai uba ma yana iya ɗaukar safar ɗansa, kuma duka suna da gaskiya. Kar ka yi saurin yanke musu hukunci, so ake su gane cewa sabuwar alama tana iya sa mutum ya canza ra'ayi kuma ba abin kunya ba ne.

In lokaci ya rage, yaro ɗaya ya fito ya nuna fushi ko tsoro ko gajiya ba tare da ya yi magana ba, saura su faɗa. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma sai sun ce wace alama suka gani, girar ce ko kafaɗar.

Bayan kwana biyu ko uku kana wannan sai ka shiga rubutu, da jimla biyu kacal: "Yaro ya shigo aji rigarsa sharkaf, lemarsa a karye. Ya zauna yana rawar ɗari." Babu kalmar ruwan sama a ciki, babu iska. Su ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka zama musu hujja, su cike gidaje ukun nan a littafinsu. Sannu a hankali ka tsawaita zuwa sakin layi, sannan labari cikakke.

Don Allah in ka yi tambaya ka jira. Wata mai binciken koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne kawai kafin su amsa da kansu ko su wuce kan wani yaron, kuma in aka kai daƙiƙa 3 amsoshin yara sun fi tsawo, masu ɗaga hannu ma sun fi yawa. Ka ƙirga a zuciyarka. In kuma yaro ya kasa, duba gidan tsakiya na "Na riga na sani" tukuna, sau da yawa ba hankali ne ya gaza ba, abin ne bai taɓa gani ba, wanda bai san tikiti ba ba zai gane mai jakar ya yi tafiya ba, sai ka nuna masa tikitin ka gaya masa amfaninsa sannan ka mayar da shi cikin jakar a sake.