Idan Aka Kawo Miki Ɗaliba Daga Amurka

Wata huɗu wata Ba'amurkiya ta yi a gidana a Ngaundere ta ƙasar Kamaru, tana zuwa jami'ar da ke Dang a wajen gari. Ga abin da na koya.

Jirgin ƙasan Yawunde a hanya yake kwana. Ki taro ta a tasha, ki ba ta ruwan wanka da gidan sauro, hira sai gobe.

Tun kafin Fulatanci, koya mata lissafin dala, ta kasuwarmu ba ta Amurka ba. Tamu an ce mata tumatir dala ashirin, ta miƙa sefa 25 tana jiran canji, alhali 100 ake nufi. Mai tumatir har da hawaye don dariya. Zube mata silalla a tabarma, ku yi ta ƙirgawa: dala ɗaya, sefa 5.

Yaji kuwa a gefe. Daren farko na cika miyar kuka da attaruhu, baiwar Allah ta sha kuka biyu.

Ki nuna mata yadda ake rusuna wa maigida a ce "Baba, ina kwana?", da cin tuwo da hannun dama. In ta kulle ɗaki ita kaɗai, ba fushi take ba, haka suka saba. A koya wa yara ƙwanƙwasa ƙofa.