Saita injin fatsa don kada zare ya cukurkuɗe

'Yan uwa masu zuwa fatsa Tafkin Jabi, ga shawara kan injin naɗe zare mai zama a saman sanda, wanda kwarkwaronsa, wato abin da zare ke naɗuwa a kai, ke juyawa idan an wurga. Zare na cukurkuɗewa ne idan kwarkwaro ya fi dalmar da ke ɗaure a bakin zare gudu.

Kafin ku wurga, ku ɗaura dalmar da za ku yi aiki da ita, ku danna maɓallin sakin zare. Ku riƙa matse ɗan murfin da ke kusa da hannun juyawa har dalma ta sauka a hankali, kwarkwaro kuma ya tsaya cak da zarar ta taɓa ƙasa. In kun sauya dalma, sai an sake saitin. Birkin maganaɗisu na injin, mai rage wa kwarkwaro gudu, ku fara da shi da ƙarfi, ku dinga ragewa kaɗan-kaɗan, ku ƙara in kuna fuskantar iska. Babban yatsa ya danne kwarkwaro dab da dalma za ta faɗa ruwa.

Don Allah kar a cusa wa boris ɗin kwarkwaro giris, yana kashe masa gudu, ga ƙurar hunturu tana manne masa. Ɗigo ɗaya na mai mara kauri ya isa. Wanda ya kai injinsa bakin teku a Legas kuwa, ya ɗauraye shi da ruwan famfo a ranar, gishiri na cin ƙarfe.