Abin da ke dare kaskon alumina a tanderu

A ɗakunan gwajin ma'adinai na Jos, inda ake gasa kuza da sauran duwatsu, da kaskon alumina (ɗan mazubin tangaran mai jure wuta da ake gasa samfuri a ciki) ya fashe sai a ce jabu ne aka sayo. Sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau, hannun mai aikin ne.

Babban kuskure shi ne dogaro da cewa alumina ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2000 a ma'aunin Celsius. Gaskiya ne, amma ba narkewa ke kashe irin wannan tangaran ba, tsagewa ce. Ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye, tangaran kuwa ba ya gargaɗi. Idan aka fito da kasko jajir aka ɗora a kan siminti, musamman da sanyin hunturun Jos, bayansa yana takurewa alhali cikinsa na nan a kumbure. Wannan ja-in-ja shi ke yage shi. Maganin sai haƙuri: a riƙa ƙara zafi kamar digiri 5 a minti, a bar shi ya huce cikin tanderu, a ajiye bulo mai jure wuta don sauke shi. In an ɗauke wuta ana tsaka da aiki, kada a buɗe ƙofa don leƙawa. Na ga wanda ya yi, daga bakin ƙofa ya ji "ƙas".

Sai kuma raina ƙarzuna. Tun 1921 wani injiniyan Birtaniya mai suna Griffith ya nuna cewa abu mai gautsi daga 'yar tsaga yake fara karyewa, har wadda ido ba ya gani. Shi ya sa kasake biyu daga kwali ɗaya, wannan ya shekara, wancan ya tafi a gashi na uku. Awartakin da ke cizon baki da kankare ragowar samfuri da wuƙa duk tsaga suke shukawa. Kasko mai laima ma a fara busar da shi.

Akwai kuskuren da har masu karatu ke yi: auna ƙarfin abu a sanyi, a ɗauka haka zai tsaya a wuta. Misali silikon naitiraid, wani nau'in tangaran, ana haɗa shi da sinadaran da ke barin wani siririn gilashi tsakanin ƙwayoyinsa. Zafi ya wuce digiri 1000 da wani abu, gilashin ya yi laushi, ƙwayoyin su riƙa zamewa, tsaga ta yi ta rarrafe har ranar da za ta raba shi biyu. Zakoniya ma, wadda ita ma tangaran ce, taurin da ake yabonta da shi raguwa yake idan wuta ta yi ƙarfi.

Bututun alumina kuma kada a ɗaure shi tam ta kowane gefe. Yana buƙatar wurin miƙewa, in dogo ne a tallafe shi don kada ya sunkuya.